Mai Guga a Gidan Gwaggo

A otal ɗin babu wanda ya iya faɗin sunanta daidai. Shugabar sashensu ta gwada a makon farko, harshenta ya harɗe, ta yi dariya ta haƙura. Daga nan aka riƙa kiran ta da aikinta, har 'yan ƙasarsu ƙalilan da ke aiki a wurin suka ɗauka suka mayar da shi yaren gida, suka ce Mai Guga. Ita ba ta damu ba. Ta ce ai ba ƙarya aka yi mata ba.

Ɗakin wankin yana can ƙarƙashin ƙasa, ƙasa da kicin, ƙasa da wurin ajiye motoci. Babu taga ko ɗaya. Injinan wanki suna jere a jikin bango suna ruri, ga wani babban inji da ake cusa wa zannuwan gado ta gaba su fito ta baya a miƙe sumul. Nata teburin yana lungu, inda ake kawo kayan baƙi, riguna masu kwala da wanduna masu kari da siket masu tattara, irin waɗanda hannu kawai suke so. Ta san faɗin kafaɗar mutanen da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Ta san mai zufa, ta san mai ɗigar da shayi a ƙirji. Lokacin sanyi da duhu take shiga, da duhu take fita, sai ta tambayi mai gadi ko an yi rana yau.

Raino ne ya kawo ta ƙasar. Mijinta makanikin manyan motoci ne, ya rasu ya bar ta da yarinya ɗaya tana koyon tafiya. Sai ga wani likita da matarsa za su fita karatu, suna neman wadda za ta riƙe musu yara. Yayarta ta ce, "Ki je. Kafin ki ankara kin dawo. Yarinya ki bar mini ita." Ta je. Likita ya gama karatunsa ya kwashe iyalinsa ya koma gida, ita ta ce bari ta ɗan ƙara tsayawa ko za ta gina ɗaki biyu a gida. Ta gina ɗakunan, sai ga makarantar yarinya, sai ga ciwon Yaya, shekara ta bi shekara. Yarinyar ta tashi tana kiran Yaya Mama, ita kuma Anti, don haka ta ji 'ya'yan gidan suna faɗa. An gaya mata gaskiya da ta yi wayo, amma baki ya riga ya saba.

Kwanakin aiki ba su da wahala a wurinta, don gajiya tana kwantar da mutum. Asabar da Lahadi ne abin. Ɗakinta yana saman bene, gado da ƙaramin teburi da risho, tagar kuma bangon wani gida take kallo. Takan share inda ta share jiya, ta wanke mayafin da bai yi datti ba. Idan zaman ya ishe ta sai ta hau bas ta bi shi har ƙarshen layi, ta jira direba ya sha sigarinsa, su dawo tare. Akwai Lahadin da sai da ta zo sallar magariba, ta ji muryarta ta fito a dishe, sannan ta tuna tun safe ba ta yi magana da kowa ba.

Ƙawarta ɗaya ce, wata 'yar ƙasarsu mai fere kayan miya a kicin, wadda kowa ke kira Ina-Zuwa. Ita ta jawo wa kanta sunan. Ko wuta ce ta kama, idan aka kira ta sai ta ce ina zuwa, kuma sai an manta da ita take bayyana tana dariya. Ta girmi 'yar Mai Guga kaɗan, ga surutu, ga son mutane, ba a iya fushi da ita ya kwana.

Wata Laraba ta sauko ɗakin wanki, ta haye kan buhun tawul ta zauna.

"Mai Guga tawa, Asabar ɗin nan kina da wani wuri?"

"Ina da bas ɗina."

"Ki bar bas ɗin nan ya huta. Gwaggona ta ishe ni da waya. Ƙanwar babana ce, tun kafin a haife ni suka zo ƙasar nan da mijinta, suna can wani gari a bakin kogi. Wai na yar da ita. Tana so a kai ta tsohon masallacin garin, a kai ta kabarin mijinta, ƙafa ta ƙi, ɗanta kuma kullum yana shago. Ki raka ni mu kwana ɗaya. Wallahi masallacin nan sai kin gani, daga ƙasashe ake zuwa kallon sa."

Mai Guga ta ce a'a, ta sake cewa a'a, amma da ta koma ɗaki sai ta samu kanta tana fito da atamfar da ta daɗe a ƙasan akwati. Ta goge ta da kanta, ta sayi lemo da sabulu mai ƙamshi na tsaraba.

Ranar Asabar ta riga jirgin ƙasan isa tasha. Ta tsaya inda suka yi alkawari, ƙarƙashin agogo, jaka a hannu. Mutane suka shiga, aka fara rufe ƙofofi, babu Ina-Zuwa. Sai waya ta yi ƙara.

"Don Allah kar ki zage ni. Mai kwasar kwanuka ce ba ta zo ba, oga ya ce sai na tsaya. Ki hau kawai, na gaya wa ɗan Gwaggo, zai tarye ki. Ni zan biyo jirgin yamma."

"Ke, mutanen da ba su san ni ba? In je in ce musu wace ce?"

"Ki ce ƙawata ce. Ki hau, zai tashi!"

Ma'aikacin tasha ya ɗaga mata gira yana riƙe da ƙofa. Ta tuna ɗakinta da bangon da tagarsa ke kallo, ta ɗaga ƙafa ta hau.

Jirgi ya fita daga gari, benaye suka ƙare, gonaki suka fara. Rabon da ta ga ƙasa a shimfiɗe haka har ta manta. Ta ga shanu a kwance, ta ga wata mata tana shanya a bayan gida, ta juya za ta ce wa wani dubi, sai ta ga na kusa da ita ya toshe kunnuwansa yana barci.

A tashar garin wani mutum mai ƙiba, hannuwansa baƙi ƙirin da aikin taya, yana tsaye yana leƙen bayanta. Ta yi masa sallama. Ya amsa da ƙyar, da yaren gida mai karyayyen ƙafa, irin na wanda aka haifa a waje.

"Ke... ƙawa? Ita ina?"

"Tana zuwa da yamma."

Ya yi murmushin da ya nuna ya san 'yar kawunsa, ya karɓi jakarta. A mota suka gwada hira. Nasa yaren gidan bai wuce gaisuwa ba, nata yaren ƙasar kuma na ɗakin wanki ne, zafi, sauri, an gama, kawo wani. Sai ya kunna rediyo.

Gwaggo tana bakin ƙofa tun kafin mota ta tsaya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta ci ado, ta sa kwalli, tana dogare da sanda. Ta buɗe hannu ɗaya tana murmushi, sai ta ga wadda ta fito. Ta leƙa kujerar baya. Hannun ya sauka a hankali.

"Ina 'yar tawa?"

Mai Guga ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta durƙusa nan kan dakalin ƙofa.

"Gwaggo, ina wuni? Mun same ku lafiya? Aiki ne ya riƙe ta, ta ce tana nan tafe da yamma. Ya jiki, ya ƙafa? Ya ƙoƙari da mu?"

Tsohuwa ta tsaya tana kallon ta, bakinta a ɗan buɗe.

"Me kika ce?"

"Na ce ya ƙoƙari da mu."

"Sake faɗa, 'yar nan. Daga farko."

Ta sake, Gwaggo tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau, da sauƙi, alhamdu lillahi, sannan ita ma ta ɗauki tata, ya hanya, ya aiki, ya mutan gida, ya kewa, ya aka baro su. Suka ja gaisuwar nan har ɗan ya gaji da riƙon jaka ya wuce ciki. Gwaggo ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Tun da Malam ya rasu ba wanda ya gaishe ni ya kai ƙarshe. Waɗannan sai su ce Mama lafiya, kafin in buɗe baki sun kai ƙofa. Tashi, tashi, gwiwa ba ta da araha."

An yi girki na tarbar Ina-Zuwa, har da irin naman da take so. Matar ɗan, 'yar ƙasar ce, doguwa mai fara'a, ta riƙa tura wa baƙuwa kwano tana nuni da hannu ta ƙara. Jikoki biyu, samari, suka gaishe ta da ka suka koma hirarsu. Teburin ya rabu biyu ba tare da kowa ya shirya ba. Can sama uba da uwa da 'ya'ya suna zuba yarensu suna ƙyalƙyala dariya, nan ƙasa tsohuwa da baƙuwa. Gwaggo ta matso ta ce, "Kin gan ni nan, gidana ne, ni na dasa bishiyar da ke ƙofa, amma idan suka yi sauri ba na kamawa. Sai in ga sun yi dariya in yi. Wata rana ni za su zaga in taya su."

Bayan azahar ɗan ya sauke su a gindin tudun da masallacin yake, ya ce zai dawo, shago ba kowa. Matakala ce ta dutse, ta goge da sawun mutane har tana santsi. Gwaggo ta ba Mai Guga sandarta, ita kuma ta dafa kafaɗarta, suka fara hawa, suna yi suna hutawa. Tsohuwar ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar a ɗauki kwandon kayan da suka bushe. Masu yawon buɗe ido suna wuce su da huluna da kyamarori.

A ƙofa mai kula da masallacin, wani dattijo mai carbi, ya san Gwaggo. Ya gaishe ta, ya dubi Mai Guga ya yi wata tambaya. Wannan kam ta fahimta, don ta sha jin kalmar. Tambaya yake ko 'yar aiki aka ɗauko wa tsohuwa. Gwaggo ta ɗaga murya da yaren ƙasar, wanda take yi da ƙarfin hali, ta ce, "'Yata ce." Dattijon ya dafa ƙirji ya ba da haƙuri. Mai Guga ta sunkuya tana kwance wa Gwaggo takalmi, ta daɗe a sunkuye fiye da yadda takalmin ke buƙata.

Ciki sanyi ƙalau. Ginshiƙai masu kauri, rufi mai tsawo, haske yana saukowa ta ƙananan tagogi ya kwanta a kan darduma. Tattabaru suna guna a can sama. Suka wuce ɓangaren mata, Gwaggo ta yi nafila a zaune, Mai Guga ta yi tata. Da ta sallame ta ɗaga hannu, ta roƙa wa mijinta rahama, ta roƙa wa Yaya lafiya, ta roƙa wa yarinya miji nagari. Da ta zo kan kanta sai ta tsaya. Ta ce a mayar da ita gida? Wane gida, ɗakuna biyun da 'yan haya ke ciki? Ta ce a bar ta nan? Hannunta ya daɗe a sama. Ƙarshe ta ce, "Allah, Kai Ka sani," ta shafa.

Da suka fito farfajiya ana ganin garin duka da kogin yana sheƙi. Mai Guga ta ce bari ta nuna wa 'yarta. Ta kira ta a bidiyo, aka ɗauka, fuskar yarinyar ta fito tana tafiya cikin hayaniya.

"Anti! Ina wuni? Ina ne nan?"

"Wani tsohon masallaci ne, kin ga hasumiyar? Tsaya in juya miki..."

"Kai, ya yi kyau. Anti, zan kira ki an jima, mun fito da Mama ne za mu wurin tela, ga mota ta tsaya."

Fuskar ta ɓace. Mai Guga ta ci gaba da riƙe wayar a sama tana nuna hasumiya. Gwaggo tana zaune a kan dakali, ta ji komai. Can ta ce, "Zo ki zauna, rana ta yi daɗi a nan."

Jirgin yamma ya zo ya wuce. Saƙon Ina-Zuwa ya shigo da hoton fuska mai kuka, wai ƙafafunta sun kumbura, wai gobe da sassafe in sha Allahu. Gwaggo ta ce, "Gobenta ta fi ta kowa nisa. Ubanta ma haka yake, ranar ɗaurin aurensa sai da aka je aka taso shi."

Bayan magariba suna ɗakin Gwaggo, ƙaramin ɗaki mai warin man zafi da turare, tsohuwar ta zame ɗankwali za ta sosa kai. Gashin fari fat, ya cukurkuɗe, an tattara shi da roba.

"Gwaggo, wa ke miki kitso?"

"Wa kuwa? Surukata ta gwada, baiwar Allah, ta ja ta ja har na ga taurari. Gashinsu ba irin namu ba ne. Na ce ta bari kafin ta cire mini kai."

Mai Guga ta nemi mataji da mai. Ta zauna a bakin gado, Gwaggo ta zauna a kan matashi tsakanin ƙafafunta. Rabonta da kitso tun kan 'ya'yan likita, amma yatsu ba su manta ba. Ta tsefe a hankali, ta tsaga, ta shafa mai, ta fara kamawa. Kan tsohuwar ya yi nauyi a kan gwiwarta, ɗumi yana ratsa zane.

Gwaggo ta yi ta magana. Yadda suka zo da Malam yana aikin gyaran layin dogo, suka ce shekara kaɗan za su yi. Yadda ta ajiye tukwanenta masu kyau a gida wurin ƙanwarta don kar su lalace kafin ta dawo. Ƙanwar ta rasu, tukwanen ko oho. Ta koma gida sau ɗaya bayan an daɗe, yara suka bi ta a titi suna kallo, 'ya'yan 'yan'uwa suna ce mata baƙuwa ta zo.

"Wannan da kika kira, 'yarki ce ko?"

"'Yata ce."

"Ta cikinki."

"Ta cikina."

Mai Guga ta jira nasiha, don ta sha jin ta daga bakin mutane, masu cewa ki koma da masu cewa ki daure. Tsohuwar ba ta ce ko ɗaya ba. Ta miƙo hannu baya ta kama idon sawun Mai Guga ta riƙe, har aka gama layin kitson.

Da aka kammala ta ɗauki madubi ta juya kai dama da hagu. "Kai! Gobe Malam zai ce wace yarinya ce wannan."

Da safe ɗan ya kai su maƙabarta. Tana bayan gari, an kewaye ta da dogayen itatuwa. Suka wuce kaburburan 'yan gari, dangi kusa da dangi, har suka kai kusurwar da ake binne baƙi. Nan sunayen daga ko'ina suke, ba mai alaƙa da na kusa da shi. Ɗan ya yi addu'a a gurguje ya koma gefe yana amsa waya. Gwaggo ta yi tata, ta tofa, sannan ta gyara tsayuwa a kan sanda ta fara ba Malam labari kamar yana zaune yana shan shayi. Ta ce famfon banɗaki har yanzu yana ɗiga. Ta ce babban jikansa ya fara aske gemu. Ta ce, "'Yar ɗan'uwana ba ta zo ba, ka san hali, amma ta aiko mini da wadda ta fi ta hankali. Kai kuma ka kyauta, ka kawo ni ƙasar mutane ka yi kwanciyarka."

Mai Guga tana tsugune tana cire ciyawa a gefen kabarin. Ta dubi na kusa, wanda ciyawa ta rufe har ba a ganin rubutun, da alama ba mai zuwa. Ta matsa ta fara cire masa shi ma. Tana yi tana tunanin wa za a kira ranar da tata mutuwar ta zo. Shugabar sashe za ta kira Ina-Zuwa, Ina-Zuwa za ta yi kuka da gaske, sannan a nemo wasu maza daga masallacin unguwa waɗanda ba su san ta ba. Ba tsoro ta ji ba. Abin ya zauna mata a ƙirji ne kawai kamar tuwon da bai faɗa ba.

A hanyar dawowa Gwaggo ta ce a tsaya a cocin bakin kogi. Mai Guga ta dube ta.

"Kar ki zaro ido, ba tuba zan yi ba. Maƙwabciyata ce ke share wurin nan a da. Ita ta karɓi haihuwar wannan ƙaton, ranar Malam yana can kan layi, ni ko kalma goma ban sani ba. Ta ji ihuna ta katanga ta tsallako. Tun daga ranar har ta mutu bara ba mu rabu ba. Idan tana shara nakan zo in zauna in jira ta."

An riga an tashi daga ibada, mutane sun watse. Suka shiga suka zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Wurin yana warin kyandir da tsohon katako. Gilasan tagogi masu launi sun zubo ja da shuɗi a ƙasa. Wata mata sabuwa tana shara a can gaba, ta ɗago ta gan su da mayafansu, ta gyaɗa kai ta ci gaba.

"Me kuke cewa, Gwaggo, ke da ita?"

"Ba komai. Ita ta yi nata, ni in yi nawa. Rabi muke ji, rabi mu cike da hannu. In ta yi azuminsu ba na ci a gabanta, in na yi namu ba ta ci a gabana." Ta nuna wani lungu da sanda. "Can take jingine tsintsiya. Wannan ba ta san wurin ba."

Suka zauna har ƙararrawa ta buga a sama, ƙarar ta ratsa benci ta shiga ƙashi. Gwaggo ta ce su tafi.

Wajen la'asar Mai Guga ta haɗa jakarta. Gwaggo ta cusa mata kwalbar turare da wani mayafi da ta ce ya yi mata nauyi, sannan ta riƙe hannun jakar.

"Ki zauna mana. Ga ɗakin 'yata ba kowa tun da ta yi aure. A garin nan ma ana sa kaya, ana neman mai guga. Me kike da shi a can?"

Mai Guga ta ce, "Aiki, Gwaggo. Ba a barin sa haka. Amma zan dawo, ba da daɗewa ba."

"Haka kuke cewa." Ta saki jakar. "To Allah Ya kiyaye hanya. Allah Ya yi miki albarka, Ya jiƙan mahaifa. Ki ce wa waccan na yi fushi, amma kar ki faɗa da ƙarfi."

A mota ɗan bai kunna rediyo ba. Sai da suka kusa tasha ya fara harhaɗa kalmomi, yana taimaka musu da hannu.

"Mama... jiya, yau... dariya. Da daɗewa babu. Na gode." Ya sake ɗaukowa. Gidan ya tsufa, in ji shi, bene ya fi ƙarfin ƙafar Mama, shi da matarsa suna wuni a waje. Ƙanwarsa da ke can wani birni mai nisa za ta ɗauke ta kafin sanyi ya shigo. Sun gama magana, Mama ce kawai ba a gaya wa ba tukuna. "Kar ki faɗa," ya ce. "Don Allah."

Ta ce to. A jirgi ta sami kujerar taga, amma duhu ya fara, fuskarta kawai take gani a gilashi, fitilun ƙauyuka suna ratsa ta suna wucewa. Yatsunta suna warin man kitso.

Ranar Litinin Ina-Zuwa ta sauko da kofin shayi na ban haƙuri, ta durƙusa a gaban teburin guga tana kama kunne. Ta tambayi me aka dafa, da ta ji an yi namanta ta ɗora hannu a ka. Ta rantse wata mai zuwa za su je tare. Mai Guga ta karɓi shayin, ta ce Gwaggo ta yi fushi, kuma ba ta faɗa da ƙarfi ba.

Ba su je ba. Lokacin cikar otal ya zo, aka hana hutu, kafin a sarara sanyi ya shigo, an kwashe Gwaggo. Birnin da aka kai ta tafiyar yini guda ce, gidan kuma na surukai ne, ba inda baƙuwa za ta ce ta zo kwana. Sai waya. Gwaggo ta sa 'yarta ta adana lambar, duk Lahadi bayan azahar sai ta kira. Ta ce an sa ta a wani ɗaki mai tsabta kamar asibiti, ta ce ba kogi, ta ce ba ta yafe wa ɗanta ba amma ta yafe.

Daga baya kunnenta ya yi nauyi. Mai Guga ta yi ta ɗaga murya, tana maimaitawa, har maƙwabcin ɗakinta ya buga bango. Gwaggo kuwa sai ta ce, "Me? Ba na ji, 'yar nan. Bari dai in gaya miki," ta ci gaba da nata. Sai Mai Guga ta daina wahalar da maƙogwaro.

Har yanzu tana otal ɗin, a teburinta na lungu, kafaɗarta ta dama ta fara ciwo idan an yi sanyi. Ranar Lahadi takan jinkirta abincin rana sai wayar ta yi ƙara. Ta buɗe lasifika, ta jingine wayar a jikin kofi, ta zuba abinci ta zauna. Gwaggo tana ba da labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haifi Mai Guga, tana tambaya tana amsa wa kanta, wani lokaci ta yi gyangyaɗi a tsakiyar magana, sai numfashinta kawai ake ji. Mai Guga ba ta kashewa. Takan ci abincinta a hankali, har 'yar Gwaggo ta shigo can ɗakin, ta ce wani abu da yarensu, ta katse layin.